Masu Sayen Tsoro da Kuɗinsu



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin rayayyu da matattu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan uwa masu karatu, a ranar 4 ga watan Maris na shekarar 2023 aka rufe labule na ƙarshe a kan wani wasan kwaikwayo a gidan wasa na Fortune da ke birnin Landan, bayan ya shafe sama da shekara 33 ana nuna shi a wannan ɗaki, sau fiye da 13,000. Sunan wasan The Woman in Black, wato Mace Mai Baƙaƙen Kaya. A unguwar gidajen wasa ta Landan babu wani wasa marar waƙe-waƙe da ya fi shi daɗewa sai The Mousetrap na Agatha Christie, wanda aka fara tun 1952. Abin da ya sa na ga ya dace mu tsaya mu yi nazari a kansa shi ne hajar da ya sayar tsawon waɗannan shekaru. Tsoro ya sayar. Mutum zai ciro kuɗinsa, ya yi ado, ya shiga layi, domin a kai shi ɗaki mai duhu a firgita shi, ya fito yana godiya.

Asalin labarin littafi ne da marubuciyar Ingila Susan Hill ta fitar a 1983. Stephen Mallatratt ya mayar da shi wasan dandamali, Robin Herford ya ba da umarni, aka fara nuna shi a garin Scarborough a 1987 a matsayin ɗan wasa mai araha na lokacin Kirsimeti, domin Ingilawa suna da tsohuwar al'adar ba da labaran fatalwa a wannan lokaci na sanyi da dogon dare. A 1989 ya isa Landan. Rashin kuɗi ya sa aka gina shi a kan 'yan wasa biyu kacal masu magana, da kujeru, da wani babban kwando, da ƙofa guda, sai haske da sauti da hayaƙi.

Ga yadda labarin yake a taƙaice, kuma wanda ba ya son a faɗa masa ƙarshensa ya yi mini uzuri, don magana ba za ta yiwu ba sai da shi. Wani dattijon lauya mai suna Arthur Kipps ya ɗauki hayar wani matashin ɗan wasa ya koya masa yadda zai ba iyalinsa labarin abin da ya same shi a ƙuruciya, ko ya samu sauƙin abin da ke cin zuciyarsa. A lokacin samartakarsa ofishinsu ya tura shi wani ƙauye a gaɓar teku domin ya halarci jana'izar wata tsohuwa, Alice Drablow, ya kuma tattara takardunta a gidanta da ke tsakiyar fadama, gidan da siririyar hanya guda ce ke kaiwa gare shi, ita ma ruwan teku yana rufe ta idan ya cika. A wurin jana'izar ya ga wata mace ramammiya cikin baƙaƙen kaya, wadda duk ƙauyen babu mai yarda ya yi zancenta. Daga cikin takardun ya gano cewa 'yar uwar mamaciyar ce, Jennet Humfrye, wadda ta haihu ba da aure ba, aka karɓe ɗan aka ba Alice, aka kuma hana ta bayyana wa yaron cewa ita ce uwarsa. Wata rana keken dokin da ya ɗauko yaron ya kauce hanya cikin hazo ya nutse a taɓo, tana kallo ta taga. Ta mutu da baƙin ciki da ƙullata, kuma tun daga nan duk sa'ad da aka gan ta sai wani yaro ya mutu. Shi kansa Kipps daga baya ya rasa ɗansa da matarsa ta dalilinta. A ƙarshen wasan matashin ɗan wasan nan ya yaba wa Kipps a kan matar da ya samo ta fito a matsayin fatalwar, sai Kipps ya ce shi bai kawo kowa ba, bai ma ga wata mace ba. Shi kuwa matashin yana da nasa iyalin a gida.

To, 'yan kallo ba su taɓa haɗuwa a kan fassara guda ba, kuma a nan ne darasin yake. Kashi na farko su ne masu ihu. Da yake ana karanta littafin da wasan a makarantun sakandare na Ingila, ɗalibai sun kasance suna cika ɗakin rukuni-rukuni, kuma an san wasan da kururuwar da ake yi idan ƙofa ta buɗe da kanta, ko kujera mai lilo ta shiga motsi babu kowa a kai, ko ƙara ta tsage shiru ba zato. Bayan ihun sai dariya ta biyo baya, kowa yana duban na kusa da shi. Ga waɗannan, wasan tamkar lilon ranar salla ne: hanjinka ya kaɗa, ka sauko lafiya. Masana aikin jiki sun yi bayanin wannan. Idan ido ko kunne ya tsinkayi haɗari, wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa yana ba da umarni tun kafin tunani ya gama auna lamarin, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya jiƙe. Da hankali ya tabbatar cewa babu komai, sai jiki ya saki, kuma wannan sakin ne mutum yake ji kamar daɗi.

Kashi na biyu su ne masu sha'awar sana'ar wasa. Su abin da ya burge su shi ne cewa kusan babu abin da aka nuna musu. Akwai wani kare a labarin da aka ara wa Kipps ya taya shi kwana, amma babu kare a kan dandamali. Ɗan wasa ne kawai yake sunkuyawa yana shafa iska, sai ga mutane ɗari huɗu suna fargabar kada karen ya nutse. Kwandon nan shi ne keken doki, shi ne kujerar jirgin ƙasa, shi ne gado. Ita kanta macen ba ta furta ko kalma guda. Ke nan mafi yawan abin tsoron daga cikin ƙoƙon kan ɗan kallo ya fito. Masu wasan itace kawai suka tara, shi ya zo da wutarsa.

Kashi na uku sun karanta wasan a matsayin ƙarar da aka shigar a kan al'umma. A wurinsu Jennet ita ce wadda aka zalunta tun farko, a zamanin da macen da ta haihu babu aure take zama abin ɓoyewa, a raba ta da ɗanta don kare sunan gida, shi kuwa namijin da ya yi cikin babu mai tambayarsa. Kashi na huɗu kuma sun ɗauke shi a matsayin labarin ciwon zuciya: dattijo ya ɗauki shekaru yana ɗauke da abin da ya kasa faɗa, ya zaci faɗar za ta warkar da shi, sai ga shi ya shafa wa wani. Akwai kuma kashi na biyar da ba su cika bayyana kansu ba, waɗanda suka koma gida suka kwana da fitila a kunne, domin can ƙasan zuciyarsu ba su da tabbacin cewa matattu ba sa dawowa.

Ni a ganina, Musulmi yana da abin da zai ɗauka daga kashi na biyu da na uku, yana da abin da zai yi hattara da shi a kashi na farko, sannan wajibi ne ya tsare zuciyarsa daga kashi na biyar. Bari mu fara da na ƙarshen, tunda shi ya shafi aƙida.

Ginshiƙin wannan wasa shi ne cewa ran mamaci yana iya maƙalewa a duniya yana yawo, yana cutar da wanda ya ga dama, har sai ya huce. Wannan tunani ya girmi Ingilawa. Larabawan Jahiliyya sun yi imani da wani abu da suke kira hama. Ɗaya daga cikin fassarorin da malamai suka yi mata ita ce, idan aka kashe mutum ba a ɗaukar masa fansa ba, wai wani tsuntsu yana fita daga gare shi ya dinga kuka a kan kabarinsa yana neman a shayar da shi jinin wanda ya kashe shi. Manzon Allah (SAW) ya kore wannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, a jere da camfi da tsuntsaye da camfin Safar. A Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, Allah Ya ba mu labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa, aka ƙi, aka kuma sanar da mu cewa akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. Wannan shamaki shi ne barzahu. Hatta shahidai, da duk darajarsu, ba a ba su wannan dama ba. Tirmizi ya ruwaito cewa mahaifin Jabir, wato Abdullahi ɗan Amru (RA), wanda ya yi shahada a Uhudu, ya nemi a mayar da shi duniya domin a sake kashe shi a tafarkin Allah, aka sanar da shi cewa hukunci ya riga ya gabata babu komawa. To idan shahidin Uhudu bai dawo don ɗa'a ba, yaya za a yi wani ya dawo don ɗaukar fansa?

Na tsawaita a nan ne saboda mu ma muna da namu kason. Kusan kowace unguwa tana da labarin fatalwa: wane ya mutu amma an gan shi a bakin rijiya, wance tana kuka a tsohon ɗakinta. Mun yi imani da samuwar aljanu, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su har da sura guda da sunansu, amma aljani halitta ce daban, mai rai, wadda ita ma hisabi yake jiran ta. Shi kuwa mamaci yana cikin ni'ima ko azaba, ya shagala da abin da ya tarar. Wanda ya gauraya waɗannan biyu ya buɗe wa boka ƙofa, don daga tsoron fatalwa ake zarcewa zuwa yanka a mararraba da binne layu a tsakar gida. Suratul Jinni aya ta 6 ta gaya mana yadda wasu mutane suka dinga neman tsari da aljanu, ba su samu komai ba sai ƙarin wahala.

Akwai kuma wani abu a cikin wasan da ya fi fatalwar kanta duhu, ko da yake masu ihu ba su cika lura da shi ba. Duniyar da aka zana duniya ce da babu mai hukunci a cikinta. An zalunci Jennet, babu wanda ya bi mata haƙƙi; ita kuma ta juya tana kashe 'ya'yan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, babu mai tsayar da ita. Kipps bai yi mata komai ba, aikin ofis ya kai shi. Addu'a ba ta hana komai ba, nadama ba ta rufe komai ba, kuma wasan ya ƙare ne da nuna cewa masifar ta sami sabon gida. Alƙur'ani kuwa ya maimaita a wurare da dama, daga ciki har da Suratul An'am da Suratu Faɗir, cewa babu ran da zai ɗauki laifin wani. Mai imani ya san cewa akwai ranar da za a tsayar da azzalumi da wanda aka zalunta, kowa ya karɓi nasa daidai, kuma wannan sani shi ne yake hana baƙin ciki rikiɗewa ya zama dafi. Idan aka cire wannan rana daga lissafi, to abin da zai rage wa wanda aka cuta shi ne abin da ya rage wa Jennet. Don haka nake ganin wasan, ba tare da masu shi sun nufa ba, hoto ne mai kyau na yadda rayuwa take komawa idan babu hisabi.

Amma adalci ya sa mu ce kashi na uku sun yi gaskiya a abu guda, kuma bai kamata mu bar ƙyamar fatalwa ta rufe mana ido ba. Raba uwa da ɗanta babban laifi ne. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyub (RA) gargaɗin Manzon Allah (SAW) cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar Alƙiyama. Suratul Ahzab ta hana a ɓatar da asalin yaro a jingina shi ga wanda bai haife shi ba. Zina zunubi ce babba, babu mai jayayya, amma jaririn bai yi ta ba, kuma ƙofar tuba a buɗe take ga uwarsa. Ya kai mai karatu, ka duba kusa da kai. Sau nawa aure yake mutuwa a ƙwace yaro daga hannun uwa tun yana shan nono don a ƙuntata mata? Sau nawa ake gaya wa yaro cewa uwarsa ba ta son sa, alhali an hana ta ƙofar gidan ne? Waɗannan mata suna nan da ransu, kuma abin tsoro game da su shi ne addu'ar wanda aka zalunta, wadda Annabi (SAW) ya gaya wa Mu'azu (RA) lokacin da zai tura shi Yaman cewa babu shamaki tsakaninta da Allah.

Daga kashi na biyu kuwa darasin wahami ne. Idan mutane masu hankali za su ga karen da babu shi don kawai wani ya shafa iska, to ka auna abin da zuciyarka za ta iya ƙera maka da tsakar dare idan kyanwa ta taɓa kwano. Shaiɗan ma haka yake aiki. Suratu Ali Imrana aya ta 175 ta nuna cewa tsoratarwa ita ce makaminsa, aka kuma umarce mu da mu mayar da tsoronmu ga Allah. Yawancin abin da ke hana matasa barci, na jinnu ne ko na maita ko na maƙiya, kwando ne da kujera. Su suke cika sauran.

Kada a fahimce ni da cewa jin tsoro aibi ne. Malamai sun bambanta tsoro na ɗabi'a da tsoro na bauta. Annabi Musa (AS) ya juya da gudu da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji, Annabi Ibrahim (AS) ya ji tsoron baƙinsa da ya ga hannuwansu ba sa kaiwa ga abinci, kuma wannan bai rage musu komai ba. Wanda ya zabura don an buga ƙofa bai yi shirka ba. Tsoron da ake gudu shi ne wanda zai zauna a zuciya, mutum ya ƙudurta cewa wani ɓoyayyen abu yana da ikon cutar da shi ba da izinin Allah ba, har ya bar wajibi ko ya aikata haram saboda shi.

Saura kashi na farko, masu sayen tsoro don nishaɗi. Masu kare wannan sana'a sukan kafa hujja da maganar Aristotal, malamin Girka, cewa wasan ban tausayi yana tayar da tsoro da jinƙai ne domin ya wanke zuciya daga gare su. Littafin da ya faɗi haka har Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya yi masa sharhi. Ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Amma tarihi ya nuna wani ɓangaren. A Faris, babban birnin Faransa, an yi wani ƙaramin gidan wasa mai suna Grand-Guignol daga 1897 zuwa 1962, a cikin ginin wani tsohon ɗakin ibada, wanda ya shahara da wasannin yanka da ƙwaƙule ido da hauka. An san shi da 'yan kallo masu suma, har an tanadi likita dominsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwarsa ta yi ta ja baya, kuma shugabansa na ƙarshe ya danganta hakan da cewa mutanen da suka ga abin da aka yi a sansanonin 'yan Nazi ba za a sake girgiza su da jinin ƙarya ba. Zuciya tana yin kanta kamar tafin hannun manomi. Abin da ya firgita ka bara ba zai motsa ka bana ba, sai an ƙara yaji. Yau matashi yana iya kallon gawarwakin gaske a wayarsa yana tauna gyaɗa, ya zarce zuwa hoton gaba.

Wannan ita ce damuwata ta gaskiya. Allah Ya sanya mana tsoro ne don amfani biyu, ya tsare jikinmu daga halaka, ya kuma tsare ranmu daga saɓo. Sayyidina Usman (RA) idan ya tsaya a bakin kabari yakan yi kuka har gemunsa ya jiƙe, kuma Annabi (SAW) ya yi izinin ziyarar maƙabarta ne domin tana tunatar da mutuwa da lahira. Mu kuwa mun kai matsayin da fatalwar ƙarya take hana mu barci, amma mu raka gawar gaske muna zancen ƙwallo a bayan sahu.

Hukuncin kallon wasan kwaikwayo da finafinai magana ce ta malamai, sun kuma yi bayani gwargwadon abin da wasan ya ƙunsa, don haka kowa ya koma ga malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da zan iya bayarwa ma'auni ne da kowa zai gwada kansa da shi. Bayan ka kalli irin waɗannan abubuwa, kana iya tashi ka fita alwalar Asuba cikin duhu kamar da? Ayatul Kursiyyu da kake karantawa kafin barci, don yaƙini da alƙawarin tsaron da ya zo a hadisin Abu Huraira (RA) kake yi, ko don wata fuska da ka gani a allo? Idan aka ambaci kabari, Munkar da Nakir ne suke fara zuwa ranka ko mace mai baƙaƙen kaya? Amsarka ita za ta gaya maka ko nishaɗi ka saya ko ciwo.

Sannan ko da kai ka yarda a tsorata ka, ba ka da izinin tsorata wani. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, sai Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa bai halatta Musulmi ya firgita Musulmi ba. Igiya ce fa kawai. To ina ga mai tura wa ƙanwarsa bidiyon da fuska za ta faɗo mata ba zato, ko mai zaunar da yara 'yan shekara shida gaban fim ɗin da zai sa su fitsarin kwance, ko mai lulluɓa da farin zane ya laɓe a zaure? Wannan dariya ce da za a biya kuɗinta a inda babu naira.

Ina roƙon Allah Ya sanya tsoronsa ya cika zukatanmu har ya kore tsoron waninsa, Ya jiƙan matattunmu Ya haskaka kaburburansu, Ya mayar wa duk uwar da aka raba da ɗanta sanyin idonta, Ya kuma sa mu cika da imani. Allah ne mafi sani.